Ajiyar Nomau a Wurin Uwar Tuluna

A zamanin da aljanu ba su gama janye jiki daga mashayar mutane ba, akwai wani tsibiri a tsakiyar Gulbin Sansami wanda ba ya fitowa sai rana ɗaya tak a shekara, ranar da bazara ta kai maƙura, daidai lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. A kan tsibirin wata aljana ke zama a tsakiyar tuluna fiye da dubu, ana ce mata Uwar Tuluna. Ba ta ba da dukiya, ba ta ba da sarauta. Aikinta ɗaya ne: wanda zuciyarsa ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, sai ta cire masa, ta zuba a tulu, ta toshe da yumɓu.

Mutanen Gamjin Ruwa, garin da ke bakin gulbin, sun san da zamanta, amma ba mai zuwa sai wanda ya rasa ta yi. A wannan shekarar, Nomau mai fito ne ya je.

Shekara ashirin Nomau yana haye da mutane a kwale-kwale, ko ƙwarya bai taɓa zubar wa wani ba. Wata ranar kasuwa da damina, hadari ya haɗu, masu komawa gida suka yi ta roƙonsa ya kwashe su gaba ɗaya kada ruwa ya tare su a ƙetare. Ya san jirgin ya cika. Duk da haka ya ƙara mutum huɗu da buhun gero biyu. A tsakiyar gulbi iska ta kifar da su. Mutum tara suka tafi, cikinsu har da matarsa Marka. Shi kuwa ruwa ya tofo shi bakin gaɓa da ransa.

Wata takwas ya yi yana neman hanyar rabuwa da abin da ya tokare masa ƙirji. Ya sha rubutu har cikinsa ya daina karɓa. Ya ƙone filafilin da yake tuƙa jirgi da shi, ya bar bin hanyar gulbi, ya hana a ambaci sunan Marka a gidansa. Ya shiga saran itace tun hantsi har sai ya faɗi. Duk a banza, kamar mai korar ƙuda daga gyambo. 'Yarsa ɗaya, Tasalla, mai shekara goma, ta koma hannun ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Yalwa, domin shi ko kallon yarinyar ba ya iya yi, saboda goshin uwarta ne da ita.

Ranar da tsibirin ya fito, ya rufe ido ya ratsa ruwan da bai wuce gwiwa ba, ya durƙusa gaban aljanar. Doguwa ce kamar giginya, gashinta jiƙe, idonta fari fat babu baƙi.

Ta ce, "Ya kai bil'adama, ƙafarka ta zo da sauri, zuciyarka na jan ciki a baya. Me ka kawo?"

Ya ce, "Ya shugabata, baƙin ciki na kawo. In ba ki raba ni da shi ba, shi zai raba ni da duniya."

"Ka sani ni mai ajiya ce, ba mai kashewa ba. Kuma kayan da aka ɗaure don a ɗauka, in mai shi ya sauke, ba ya kwana a ƙasa."

Nomau bai tsaya tambayar ma'anar wannan magana ba. Ya ce, "Na yarda. Ki cire."

Ta sa hannu cikin ƙirjinsa kamar mai ɗebo gero a rumbu, ta zaro wani abu baƙi, jiƙaƙƙe, bai fi ɗan akuyar da aka haifa yanzu ba, yana makyarkyata. Ta tura shi a tulu ta toshe. Kafin Nomau ya taka gaɓa, tsibirin ya nutse.

Ya isa gida yana fito da baki. Ya cinye tuwo malmala uku, ya yi barci kamar jariri. Da ya tashi ya nemi fuskar Marka a ransa, ya rasa. Ya san ya taɓa auren wata mace, kamar yadda mutum ya san ya taɓa cin wata kasuwa. Bai damu ba.

A rana ta uku, da hantsi, Tasalla tana tankaɗe a tsakar gida sai ta sarƙe. Ta yi tari, ruwa ya zubo daga bakinta, ruwan gulbi mai yashi da gansakuka. Gashinta ya jiƙe sharkaf alhali ko ɗigo ba a yi ba. Aka kwantar da ita, tabarma ta jiƙe, aka sake wata. Kafin azahar ta fara kai hannu sama tana lalube kamar mai neman abin kamawa, tana nutsewa a kan busasshiyar ƙasa. Aka kira wanzami, aka kira mai tofi, kowa ya duba ya girgiza kai.

Gwaggo Yalwa ta ja Nomau bayan rumbu. Ta ce, "Ɗan nan, kwana uku ina kallonka. Mutumin da ko ruwa ba ya wuce masa, yau shi ke neman ƙarin miya. Ina ka kai abin da ke ranka?"

Ya gaya mata. Tsohuwa ta dafa rumbu.

"Ka sauke, ya faɗa kan na kusa. Yarinyar nan da nata take fama wata takwas, ba wanda ya tambaye ta, yanzu ka ɗora mata naka. Ba za ta ga faɗuwar rana ba."

Tsoro ya kama Nomau, domin shi tsoro ba a cire masa ba. Ya ce, "Tsibirin ya nutse, Gwaggo. Sai baɗi."

"Kakarka ta ce akwai ƙofa ɗaya da ba ta rufuwa. Gurbin nan mai juyawa, inda jirginka ya kife."

Ya fita da gudu ba takalmi. A bakin gurbin ya tsaya. Sau biyu yana juyawa zai koma. A na uku ya tuno hannun Tasalla yana laluben iska, ya yi bisimilla ya faɗa.

Ruwan ya murɗe shi ya yi ƙasa da shi, ya jefa shi wata ƙasa mai koriyar rana. Gabansa fadama ce shimfiɗe, taɓo baƙi ƙirin, can ƙarshenta ga ganuwar wani birni. Ya sheƙa a guje. Taku bakwai ya yi taɓon ya kama shi har gwiwa. Ya fizge ƙafar dama, ta hagu ta lume har cinya. Ya yi ta harbe-harbe, taɓo ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji. Sai a lokacin ya lura da kawunan mutane birjik a fadamar, wasu iya wuya, wasu hanci kaɗai ya rage, kowa na ta kokawa.

Wani zalɓe mai tsayin mutum biyu ya sauko ya tsaya kusa da shi a kan ƙafa ɗaya.

Nomau ya ce, "Ya kai tsuntsu, don girman wanda ya halicce ka, miƙo mini bakinka ka ja ni. 'Yata na mutuwa."

Zalɓe ya ce, "Ya kai baƙo, an hana ni ja. An dai bar ni in yi tambaya. Tun da ka fara kokawa, sama ka yi ko ƙasa?"

"Ƙasa."

"To."

Nomau ya zage shi, ya sake yunƙurawa, taɓo ya kai masa haɓa. Ƙarfinsa ya ƙare ƙaf. Ya ce a ransa, shi ke nan, ya saki jiki ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa yana jiran ajali. Taɓon ya shiga kunnensa, sanyi da wari suka rufe shi. Amma bai nutse ba. A hankali ƙafafunsa suka fara tasowa. Ya mirgina sau ɗaya, ya sake, yana shafar ƙazantar da dukan jikinsa, har ya ji tsandauri a ƙarƙashin kafaɗarsa. Ya ɗaga murya ya gaya wa sauran su kwanta. Mutum ɗaya ya waiwayo ya ce, "Mahaukaci ne kai? In kwanta a cikin wannan?" Ya ci gaba da harbi.

Nomau ya shiga birnin. Bai taɓa ganin gari mai kyansa ba, soraye na farin dutse, rijiyoyi cike, itatuwa sun yi 'ya'ya har suna zuba suna ruɓewa. Amma ba kowa a kasuwa, ba hayaƙi a ko wane gida. Kowane mutum yana tsaye a bakin wata ƙofa, ya jingina baya ya tokare ƙafa, yana danne ta, daga ciki kuma ana bugawa. Duk sun rame kamar karan dawa.

A ƙofa mafi girma ya tarar da wani tsoho da rawani ya zube masa a wuya.

Tsohon ya ce, "Ni ne sarkin wannan birni. Yi haƙuri ban ba ka hannu ba, shekara arba'in ke nan ban sami sukunin ɗaga shi ba."

"Ranka ya daɗe, mene ne a ciki?"

"Abin kunyar da na aikata ina saurayi. In na saki zai fito."

"Ina hanyar gidan Uwar Tuluna?"

Sarki ya nuna da haɓa. "Kowa ta ƙofarsa yake bi. Ga taka can, tun ɗazu ake bugunta. Shawarata, ka danne. Za ka saba. Mu nan ba wanda abin cikin ya taɓa cinyewa."

Ƙofar ta katakon jirginsa ce, ya gane ta da facin da ya yi mata da hannunsa. Ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashi. Da ya matsa, ta motsa, bai san lokacin da ya kai kafaɗa ya danne ba. Ya daɗe a haka, gumi na zuba. Ya ɗaga kai ya ga koriyar ranar ta karkata yamma. Ya dubi sarki da gemunsa da ya kai cibiya. Sai ya ja da baya.

Ƙofar ta buɗe. Wani dogon lungu ne, ruwa iya ƙwauri, mutum takwas tsaitsaye a jere da kayan ranar kasuwa a jikinsu. Ya san kowannensu. Marka ce kaɗai ba ta ciki.

Wani mai sayar da tabarmi ya ce, "Ka san ya cika."

Nomau ya ce, "Ku kuka roƙe ni. Ku kuka ce hadari..."

Ruwa ya hau har cinya.

Wata mace mai goyo ta ce, "Kai ka fita, mu muka zauna."

"Iska ce. Ba mai iko da iska sai Allah."

Ruwa ya kai ƙirji. Muryoyin suka haɗu suka zama kamar aradu. Ya toshe kunne, suka koma cikin kansa. Ya buɗe baki zai sake kare kansa, ruwa ya taɓa leɓensa. Ya rufe bakin. Ya sauke hannuwa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Na ji. Na ƙara mutum huɗu, na san ya cika. Ba ni da abin da zan mayar muku. Ku faɗi duk abin da za ku faɗa, amma tafiya zan yi, 'yata na jira."

Ba su yi shiru ba. Suka biyo shi suna ta faɗa, shi kuma yana tafe yana ji. Ruwan bai janye ba, amma bai ƙara hawa ba, har ya kai ƙarshen lungun ya fita.

Ya sami kansa a wani zaure da ba a ganin rufinsa, tuluna jere har iyakar gani, Uwar Tuluna zaune a tsakiya. Kusa da ita ga tulunsa ya kumbura ya kai girman rumbu, ya tsattsage, baƙin ruwa na bin tsagar yana malala cikin wata ƙorama. A cikin ruwan ƙoramar ya hango tsakar gidansa: Tasalla kwance, leɓunanta sun yi shuɗi, Gwaggo Yalwa na tallafe da kanta.

Ya zube. "Ya shugabata, na zo karɓar ajiyata."

Aljana ta ce, "Ya kai bil'adama, kwana uku ka bar shi cikin duhu ba mai dubansa, ga yadda ya zama. Ba zai koma yadda ya fito ba." Ta ajiye wata wuƙa a gabansa. "Wasu da wannan suke tarbar nasu. Zaɓi naka ne."

Ta ƙwanƙwasa tulun da yatsa, ya dare biyu. Abin ya miƙe, ya fi bajimin sa, baƙi, ba fuska, ruwa na zuba daga jikinsa, yana wani gurnani mai kama da kukan mace daga nesa. Ya nufo Nomau. Nomau ya suri wuƙa ya luma masa. Abin ya ƙara tsawo, a cikin ƙorama kuma Tasalla ta gantsare ta yi aman ruwa. Ya sake suka, ta sake gantsarewa, hannunta ya faɗi.

Ya yi jifa da wuƙar. Ya waiga, babu ƙofa. Ya dubi aljana, ta kau da kai. Ba gudu, ba faɗa, ba mai ceto. Sai ya zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa.

Ya ce, "Ya kai wannan halitta, na yaƙe ka wata takwas, na ba da kai ajiya, na soke ka. Ban taɓa tambayarka ba. Me kake so?"

Abin ya tsaya a kansa. Muryarsa ta fito a hankali.

"Wuri."

"Za ka kashe ni."

"Ban zo kisa ba. Ranar da matarka ta tafi aka haife ni, gwargwadon yadda ka so ta. Ba ni da wani gida sai kai. Da ka kore ni, na bi jini."

Nomau ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kama wuyan rigarsa ya yage har ƙasa, ya buɗe ƙirji.

"Shigo."

Abin ya durƙusa ya ɗora kai a cinyarsa, sanyinsa kamar ƙanƙara, ya fara shiga kaɗan kaɗan. Nomau ya ji haƙarƙarinsa na neman tsagewa. Bai ture ba. Ya ja numfashi, ya saki, ya sake ja. Sai ga fuskar Marka ta dawo masa gaba ɗaya: wushiryarta, tabon ƙuna a wuyan hannunta, yadda take karkata kai in tana ƙulla masa tsiya. Ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza, ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Da ya ɗago, ƙoramar ta ƙafe.

Ya yunƙura zai tashi, nauyi ya mayar da shi. A karo na biyu ya miƙe.

Ya ce, "Ya shugabata, zai ragu?"

Ta ce, "Ban yi maka wannan alkawari ba. Wata rana zai yi nauyin dutsen niƙa, wata rana nauyin ludayi. Amma da shi za ka ci, da shi za ka yi aiki, da shi za ka yi dariya in dariya ta zo. Dubi tulunan nan. Cikin dubu, ba a fi goma da suka dawo karɓa ba. Tafi, rana ta kusa faɗuwa."

Ta hura masa iska a fuska. Ya buɗe ido a bakin gaɓa, la'asar sakaliya, taɓo ya bushe a jikinsa. Ya kama hanya yana tafe yana tsayawa kamar mai ɗauke da buhu.

Ya tarar da Tasalla zaune an jingina ta da bango, gashinta ya bushe, Gwaggo Yalwa na ba ta kunu da ludayi. Tsohuwa ta dubi idanunsa da suka kumbura, ta ajiye ƙwaryar, ta tashi ta ba su wuri.

Ya zauna a gefen tabarmar. Ya dubi goshin yarinyar, abin ya murɗa masa a ƙirji, bai kau da kai ba.

Ta ce, "Baba, kuka ka yi?"

"Kuka na yi, uwata."

Ta shiga wasa da bakin zanenta. Can ta ce, "Ka ce kada a faɗi sunan Inna."

"Na yi kuskure. Faɗi. Ko sau nawa ne."

"Akwai abin da nake son tambaya tun ranar. Na ji tsoro."

"Tambayi."

"A cikin jirgin, kafin iska ta zo, ta yi maganata?"

Nomau ya rufe ido. Hawaye suka sake zubowa, ya bar su.

Ya ce, "Tana zaune a bayana da ƙwaryar man shanu a cinya. Ta ce kitsonki ya tsufa, kuma kin ƙi zama a tsefe. Ta ce in mun isa, ni zan riƙe ki, tunda ni na ɓata ki."

Tasalla ta yi wata 'yar dariya da ta rikiɗe ta koma kuka, ta kifa kai a ƙirjinsa. Suka daɗe a haka. Da ta lafa, ta ɗago ta ce, "Ka iya tsifa?"

"Ban iya ba."

Ta juya masa baya ta zauna tsakanin ƙafafunsa. "Daga ƙasa ake farawa. Kada ka ja."

Ya sa manyan yatsunsa masu kanta ya kama jelar kitso ta farko.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan na labarin Nomau mai fito, kuma yadda na karɓa haka na miƙa.